Notin Da Aka Yi Don Ya Karye

Ƙarfe huɗu na asuba, a gefen Kuhmo,
sanyi ya kai ashirin da takwas ƙasa da sifiri,
sai na ji ƙas! a bayan tarakta.
Murɗaɗɗen ƙarfen da ke haɗiye dusar ƙanƙara ya tsaya cik,
inji na ta gurnani shi kaɗai,
kamar baki mai tauna babu loma.

Na kashe, na sauko, tocila a haƙorana.
Guntun itacen wuta ne, daskararre,
ya faɗo daga motar wani tun jiya,
ya kwanta ƙarƙashin farin nan yana jirana.

Gida bakwai ke cin wannan hanya.
A na ƙarshe tsohuwa Aune na jiran nas,
ƙarfe takwas za a wanke mata gyambon ƙafa.

Shekara talatin da ɗaya babana Teuvo ke buɗe ta.
Yanzu hannunsa na dama na kwance a cinyarsa
kamar safar da aka manta a kan benci.
Gadona gwangwanin kofi ne mai tsatsa,
cike da ƙananan notuna masu laushi.
Saura biyar.

Ba a kama noti da safar hannu.
Na tuɓe, ƙarfe ya ciji fatar yatsana,
na daki guntun da ya maƙale, sau uku, sau huɗu,
ya fita ya ɓace cikin fari, ko sallama babu.
Na juya ƙarfen har rami ya ga rami,
na zura sabo, na ɗaure da sufana,
ba sosai ba. Haka ya koya min: ba sosai ba.

Na san duk inda injin nan ke ciwo.
Takalman ƙarfensa biyu tsakuwa ta cinye,
na hagu ya fi, don hanya ta karkata wajen tafki.
Sarƙa ta saki har tana lasar murfi.
Boris ɗin dama na tari da safe,
in ya sha giris sai ya yi shiru kwana tara.
Fiffike ɗaya na farfela ya lanƙwashe,
na yi masa walda a watan Yuni,
ɗinkina mummuna, amma ya riƙe.
Wuƙar ƙasa kuwa na juya mata baki,
gefe na biyu take ci yanzu, babu na uku.

Ran Lahadi maƙwabcinmu Jorma ya zo shan kofi.
Ya ce, Sirkka, wahalar me kike yi?
Sa noti mai tauri, ki huta da saukowa cikin dare.
Babana ya daɗe yana haɗa maganar,
rabin bakinsa ne kawai ke zuwa aiki.
Ya ce, in shi... bai karye ba,
giya ce za ta karye.
Noti yuro ɗaya. Giya, kuɗin wata uku.

Jorma ya yi dariya, ya ƙara sukari.
Ni na kalli hannun nan da ke cinya.
Mutumin da bai taɓa cewa na gaji ba,
bai taɓa kwana biyu a jere da zazzaɓi ba,
ba a saka masa ko ɗaya mai laushi ba.
Da icensa ya zo, can ciki ta fashe.

Na hau, na tayar, na saki kuloci a hankali.
Ƙarfe ya juya, bututu ya ɗaga wuya,
ya watsa farin gari kan itatuwa,
fitila na binsa har ya sauka.

Bakwai da rabi na wuce ƙofar Aune,
ta ɗaga labule da yatsa biyu.
Ina dawowa na kauce wa jar motar nas.

A gareji na girgiza gwangwani.
Saura huɗu, kuma Janairu bai raba ba.
Yatsana ya fara dawowa, da zafinsa.