Riɗi Buhu Huɗu

Riɗi buhu huɗu na kai Maigatari,
na dawo da 'yar takarda mai lamba
da ranar da za a auna Turancina a Kano.

Saura kwana tara.
Bayan asuba nakan hau tudun bayan gari,
nan kaɗai sabis ke yarda ya sauka,
in saurari wata Baturiya cikin waya
tana cinikin tikitin jirgin ƙasa.
Maganarta gudun ƙadangare:
kafin in cafki kai, wutsiya ta shige rami.

Inna Barira ta ji ni a ɗaki
ina tambaya, ina ba kaina amsa,
ta turo Tasi'u da garwashi da tazargade,
wai ko mutanen ɓoye sun sauka.

Akwai harafin da ya ƙi jinina.
Haɗe leɓe ake a fasa shi kamar gugguru,
nawa sai ya fito da iska,
kamar mai hura koko.

Shekara shida ina sha-ka-tafin garinmu,
na ɗinke saran gatari da tocila a baki,
ba wanda ya nemi Turancin zafi a wurina.
Yanzu minti biyu za a ba ni
in siffanta garinmu ga baƙo mai agogo.
Ta ina zan fara? Rijiya gaba talatin?
Kukar da ta girmi kakan kakana?

Jiya na gwada wa akuyarmu.
Ta saurara har ƙarshe, tana tuƙa,
sannan ta cinye min shafi na arba'in.