Ƙasan Kwando

A Mil Tuwel muke, ni da Ilu ɗan Gwarzo,
rumfa ɗaya, leda ɗaya ke tare mana ruwa.
Tirela takan iso kafin assalatu,
tumatir ya sha hanya kwana uku,
rabi ja jawur, rabi ya soma hawaye.

Ni masu hawayen nake shimfiɗawa a ƙasa,
in naɗa wa kwando rawani da masu kyau.
Haka kawuna ya koya mini ran da na sauka Ojota:
"Yaro, Ikko ba ta san sunan ubanka ba.
In ba ka ci ba, kai za a ci."
Na ɗaura maganar a damtse kamar laya,
bana shekara goma sha ɗaya.

Ilu kuwa sai ya zauna bisa buhu
yana tsince su ɗai-ɗai kamar mai jan carbi,
ruɓaɓɓe gefe, lafiyayye gefe,
kowanne da kuɗinsa.
Rana ta take bai gama ba,
ni na sallami kwando huɗu.

Na ce, "Wa ke kallonka cikin wannan taɓo?
Mai sayen nan in ta hau danfo
Ikorodu ta haɗiye ta, shi ke nan."
Bai ɗago ba. Ya ce, "Kakata Yalwa
in tana awon gero takan ce
ƙasan mudu ma ido gare shi.
Fuskarta ta soma ɓace mini,
hannuna ne ya ƙi mantawa."

Ba zan ce ya yi arziki ba.
Silifas ɗinsa ya fi nawa faci.
Sai dai Iya Risika mai tuwon Ketu
in ta zo gabana sai ta zazzage kwando ƙasa,
ta ƙirga, ta harare ni.
Nasa kuwa ɗauka take ta aza a ka
tana tambayar lafiyar iyali.

Jiya Sagiru, ɗana, ya zo taya ni.
Shekararsa tara. Ban ce masa komai ba.
Na juya neman canji, na waiwayo,
na tarar ya jera ruɓaɓɓun a ƙasa,
tsaf, ya fi ni iyawa,
yana murmushi, yana jiran in yaba.

Ruwa na dukan leda.
Ilu na can yana tsinta.
Na buɗe baki,
ban san muryar wa za ta fito ba.