Kafin Biyar ga Afrilu

Ruwan Leicester na ta dukan taga.
Tanimu ya ture kwanon miya gefe,
ya baza takardu:
"Ladidi, sa hannu nan, da nan."

Shekara sha tara a garin nan
sunana bai wuce katin asibiti ba.
Yau akanta ya ce albashin maigida ya haye tudu,
haraji na yankar ribar jarinsa har ƙashi,
ni kuwa gonata fili ce, ba mai auna ta.

Na sani, don tuwon gobe ake wanke tukunya.
Duk da haka na ɗauko tabarau,
na bi ƙananan rubutun da yatsa.
Kyauta ce, in ji takarda,
ba aro ba, ba ajiya ba.

"Ka ga layin nan kuwa?"
Ya yi dariyar yaƙe, ya kurɓi shayi.

Na sa hannu a hankali,
sunan babana ya zauna daram a ƙarshe.

Watan Yuli riba ta faɗo,
fam ɗari huɗu da 'yan kai.
Na sayi keken ɗinki.
Shi ma ban manta da shi ba,
na sayo masa laima.