Akwatin Sanyi a Ɗakin Maza na Uku

Daren Talata, Murtala, ɗakin maza na uku.
Janareto ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Metiron ta bar mini akwatin sanyi da takarda:
kwalba ashirin, sunaye ashirin da huɗu.
"Na ma'aikata ne kawai. Rigakafin mura."

Na fara da Sagiru mai tura gado.
Ya yi dariya har makullan ƙugunsa suka amsa:
"Ni da nake ɗaukar gawa tun kafin safar hannu?
Citta, kanumfari, barkono a romon kai,
gumi ɗaya, shi ke nan. Sista, a kai wa yara."

Dokta Nafi'u ya san ƙwayar har sunan kakanta,
ya san tana sake riga kowace shekara.
Ya zana mini ita a bayan katin magani,
ƙwallo mai ƙayoyi kamar ƙarangiya.
Na ce, to miƙo dantse.
Ya dubi agogo: "Bari in gama zagaye."
Har yanzu ina jira.

Ɗanjuma na ɗakin magani ya ce bara ya yi,
kwana biyu yana rawar ɗari a gida.
"Ita ta sa mini ciwon, na rantse."
Na ce, gawar ƙwaya ce a ciki, gawa ba ta cizo,
jikinka ne ke wasa wuƙa kafin ranar yanka.
Ya ce, "Na ji." Ya ja tagarsa ya rufe,
irin "na ji" ɗin da ba a ƙara.

Inna Tabawa ta jingina tsintsiya da bango.
"Shekarar sanƙarau ina Asibitin Zana.
Na ga iyaye a layi, an ce kyauta ne.
Ɗan ƙanwata ya yi gemu yanzu,
bai taɓa jin kiran salla ba.
Ke kin yi karatu, gaya mini."
Na buɗe baki, karatun ya ƙi fitowa.
Me za ka ce da wanda maciji ya sara?

Ƙarfe uku. Gado na shida,
Baba Maigoro na Kurmi, huhu kamar tsohuwar zuga-zugi,
yana sayen numfashi kaɗan-kaɗan daga tukunyar iska.
Na sunkuya in gyara masa robar hanci,
atishawa ta kufce mini.
Ta cikin robar ya ce, "Yarhamukillah,"
ya yi mini addu'a a kan abin da na fesa masa.
Na tsaya da hannu a sama, na kasa gyara.

Kakata takan ba da labarin marisuwa,
yadda aka rasa masu ɗaukar makara.
Ita ma, in ji ta, da atishawa ta fara.

Na koma kan takarda da fitilar waya.
Na ashirin da huɗu: Kubura Isiyaku. Ba sa hannu.
Shekara goma sha bakwai ina huda dantsen mutane
ina cewa "kamar cizon sauro ne,"
ni kuwa a zuciyata na ɗauka farar riga sulke ce,
cuta ta marasa lafiya ce,
mu namu kawai mu tura.

Na tashi Rifkatu daga gyangyaɗi a kan benci.
Ta goge ido, ta goge fatata da auduga.
Sanyi, sai tsini, sai ba komai.
Inna Tabawa na bakin ƙofa da bokiti.
"Da zafi?"
Na ce, kaɗan.
Ta daɗe tana kallon audugar.
"Gobe in na gan ki a tsaye, ma yi shawara."

Assalatu daga Ƙofar Mata.
Ƙanƙarar akwati ta fara zama ruwa.
Baba Maigoro na numfashi.
Kwalba goma sha tara saura.