Farce Ɗaya Na Bari

Farce ɗaya na bari, na ƙaramin yatsa.
Mutanen Kusiri na cewa gayu ne,
wasu su ce don susar kunne.
Ku ƙyale su. Mabuɗi ne.
Da shi nake zaƙulo memori daga bakin laftof
in ta haɗiye ta yi lamo kamar kada.

Teburina yana gindin gadar Ngeli
inda 'yan babur ke dakon masu tsallakowa daga Njamena.
Sefa ɗari biyu, in cika maka kati:
wa'azi, kiɗan gurmi, ƙwallon daren jiya.

Kai maƙerin da ya tsara wannan rami,
ban san garinku ba, amma ina da ƙorafi.
Don me ka ɓoye shi ƙarƙashin leɓe,
sai na kifa injin kamar mai duba hantsar akuya?
Baƙin rami a baƙin jiki,
babu ko ɗigon fari da zai nuna
ko fuskar kati sama za ta duba ko ƙasa.
Mai yin fartanya yakan dubi tafin manomi
kafin ya sassaƙa ƙota.
Kai tafin wa ka duba?

Wadda na fara sana'a da ita ta san ladabi:
ka danna, ta ce ƙyas, ta riƙe,
ka sake dannawa, ta miƙo maka abinka.
Ta maƙwabcina Abakura takan bar rabin kati a waje
kamar harshen kare a zafin Afrilu,
jaka ta karya masa uku.

Ranar Talata wani masunci ya zo,
Alifa, daga wani ƙauye a bakin Logon,
hannunsa duk tsagar igiyar koma.
Ya kwance leda, cikin leda tsumma,
cikin tsumma abin da bai kai ƙwayar kabewa ba.
Ya ce, wayar ta nutse, wannan ya tsira.
Muryar 'yata na ciki. Bara ta rasu.

Na sa shi a adafta, na laluba da hannu,
ido na kan mai jiran canji.
Na tura.
Ban ji ƙyas ba.
Ashe akwai wata 'yar tsaga sama da ramin,
tazarar gashi guda tsakaninsu,
nan ya bi, ya faɗa cikin duhu.
Na girgiza laftof, ta yi ƙara kamar caki.

Alifa bai ce uffan ba.
Zagi ma da ya fi mini sauƙi.

Kusa goma sha ɗaya na kwance a kan faranti,
ɗaya ta gudu ƙarƙashin tebur.
A ciki na sami yashin kogi,
da gawar tururuwa,
da wani kati ja da ya ɓata tun azumi,
wanda na rantse wa mai shi cewa bai ba ni ba.
Sai can, a jikin fanka, na Alifa.

Wannan karon na kunna fitilar waya,
na sunkuya har goshina ya taɓa katako.

Ba waƙa take yi ba, ba sallama ba.
Banda take ƙirgawa a kwando:
talatin da takwas, talatin da tara,
Baba, ka daina ci, lissafi zai ɓace!
Sai dariya. Daƙiƙa arba'in ke nan.
Ya ce, mayar. Na mayar sau bakwai.
'Yan babur ma sun kashe inji.

Da yamma na ari jan farcen matata
na ɗiga a daidai bakin ramin,
tsagar kuwa na toshe ta da cingam.
Maƙeri, na ƙarasa maka aikinka, kyauta.

Saura mai jan katin nan.
Gobe zan nemi gidansa.