Kuɗin Ƙungiya

Ni ne ma'aji, littafin yana hannuna.
Suna ɗari da goma sha bakwai,
masu digiri, masu fartanya,
duk mun yi rajista mu mayar wa tudun nan rigarsa,
wadda shanu da gonakin kofi suka tuɓe masa
tun kakanninmu suna da ƙarfin sara.

Taron shekara a wani ƙauyen Minas Gerais,
ajin makaranta, fanka ɗaya tana kuka.
Dokta Anselmo ya miƙe da taswira:
a dasa layi-layi, taku uku tsakani.
Iracema ta ce a'a,
tun yaushe daji ya san igiyar awo?
A killace wurin, a bar wa tsuntsu da jemage aikin,
su ma 'yan ƙungiya ne, kati ne kawai ba su yanka ba.
Aka yi dariya, aka ja musu har rana ta yi sanyi,
aka kaɗa ƙuri'a, aka tashi kunnen doki.

Ana watsewa sai ga Dona Zuleide,
bashin shekara biyu a wuyanta.
Ta buɗe tsohon gwangwanin madara,
ta zazzage a kan littafina:
iri ne, wasu da fiffike, wasu kamar tsakuwa,
wasu ko Dokta sai da ya gyara tabarau.
"A kwarin bayan gidanmu na tsinto,
inda gatarin mijina bai kai ba.
Rubuta, ta biya."

Sashe na huɗu na dokarmu kuɗi ya ce.
Na dubi doka, na dubi tafin hannunta
mai tsaga kamar ƙasar da muke jinya.
Na rubuta.

Damina goma sha ɗaya ke nan.
An binne ta a ta shida.
Rabin tudun layi-layi, rabi yadda tsuntsu ya so,
yau ba mai iya nuna maka iyakarsu.
Idon ruwan da ya ƙafe ya fara hawaye,
jiya na ga sawun da ban san mai shi ba.

Mai binciken asusu har yanzu yana zagaye shafin da jan biro,
yana tambayata giɓin shekara biyu.
Na ce ya sa takalmin roba ranar Asabar.
Inuwar ta ishe mu zama mu biyu,
sai ya ƙirga da kansa.