Faifai na Uku

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso,
Ximena Quilodrán ta tuɓe takalmi
ta zauna a ƙasan ɗakin kwamfutar gidan rediyo.
Faifai huɗu, an ɗaure su wuri guda,
kowanne riƙe da ɗan abin da ɗan'uwansa ya sani.
Na biyu ya mutu tun watan Yuni, ba wanda ya ji.
Gargaɗi na ta zuwa akwatin Don Evaristo,
shi kuwa ya ajiye aiki, yana kiwon zuma a Limache.

Yau na uku ya fara ƙas-ƙas
kamar haƙoran mai zazzaɓi.

A ciki akwai muryoyin masunta na shekara talatin,
har da tsohon da ke lissafa kwalekwalen
da teku ta ci.

Ba ta ce a sake gini ba.
Sauri ya haifi nawa.
Ta kwafe majinyacin gutsure-gutsure,
inda ya ƙi karantuwa ta tsallake,
ta dawo, ta lallaɓa shi.
Awa tara. Kofi ya huce sau uku.
Ta duba wa ya yi rubutun ƙarshe,
ta tilasta wa ukun haɗuwa:
karatu kawai, ban da rubutu.

Allo ya yi tsit.
Sannan sunaye suka zubo.

Ta buɗe guda. Tari, iska, muryar tsohon.
Daƙiƙa goma sha ɗaya babu a tsakiya,
kwalekwale ɗaya ya sake nutsewa.
A bayan hannu ta rubuta: tambayi Evaristo.
Ta laluba takalminta.